Baffa Lado da Salansar Fa'izu

Jama'a a gyara zama, mai loma a baki ya haɗiye, mai waya ya kife ta. Ga Baffa Lado nan, Sarkin Salansar Dutse da kewaye, sarautar da ba wanda ya naɗa masa, shi ma bai san yana riƙe da ita ba. Fadarsa rumfar kwano ce a bakin titi, rawaninsa tsohon tabaran walda da aka ɗaure da roba.

A rugar wajen Miga aka haife shi, da sanda ya tashi a kafaɗa. Da shanun gidansu suka ragu ya shigo gari ya koyi walda, amma kiwon bai fita daga jikinsa ba. Har yau in aka kawo masa mota sai ya zagaya ta tukuna, ya dafa ta da tafin hannu kamar saniyar da ta ƙi ci.

Masu zuwa wajensa iri biyu ne: samari masu son motarsu ta yi ruri, da magidanta masu son ta yi shiru. Ba ya gardama da kowa. Saurayi ya zo, sai ya yanke masa tukunyar salansa, ya jona bututu zalla, tukunyar kuma ya rataye ta a darbejiyar bayan rumfa. 'Yan gwangwan sun yi nacin ya sayar musu har sun gaji.

"Masu su za su dawo," yake ce musu.

Ran nan kuwa Fa'izu ya dawo. Ma'aikaci ne a sakatariya, mai wata jar mota 'yar tsere, ƙofa biyu, gajera har cikinta na lasar ƙasa. Tun yana gwauro Baffa ya yanke masa salansa.

"Baffa, barka da aiki."

"Barka kadai, ango. Tun kana shataletale na amsa sallamarka."

Fa'izu bai yi dariya ba. Ya tsuguna ya zayyana damuwarsa. Watan matarsa Radiyya ya kusa, cikin fari ne, za ta goyon ciki gidansu, wata ruga gaba da Aujara. Zuwansa na ƙarshe motar ta watsa garken surukinsa, maruƙa suka tsinke igiya, aka wuni ana kamo su a gonar geron mutane. Dattijon bai ce masa uffan ba, surukuta ce. Saƙo dai ya biyo baya: 'yarsa ta zo ko a kan jaki ne, amma wannan jar aba kada ta sake sauka daga kwalta. Ita ma Radiyya ta ce kujerar na jijjiga ta har ɗan ciki na kai naushi.

"In ba a gyara ba, yayanta zai zo ya ɗauke ta a bas. Ni da mota, Baffa! Da wane idon zan je ganin jariri?"

Baffa ya san yadda garke ke watsewa, ya san zafin bin maraƙi cikin gonar wani. Ya miƙe ya zagaya baya, ya sa gora ya sauko da wata tukunya da ta yi tsatsa, ya kakkaɓe gidan zanzaro daga bakinta.

"Kai! Ita ce tawa?"

"Da ta wa ce?"

Ya jona ta, aka tayar. Rurin ya mutu, sai ga wani kwaram-kwaram da hayaniyar ta daɗe tana rufewa. Baffa ya ɗebo ruwa a kwanon sha ya ajiye a kujerar Radiyya. Ruwan ya kama rawa kamar an buga masa kalangu.

Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi, yana bin bututun da hannu. Robobin da ke rataye shi duk sun tsattsage, ƙarfe na gugar ƙarfe. Farantin gwangwanin da ke tare zafi ya lotse, notinsa sun zube a wani rami da Allah kaɗai ya sani. Ya yanko tsohuwar taya ya yi sababbin marataya, ya buge farantin ya miƙe, ya ɗaure shi tamau. Da aka sake tayarwa, ruwan ya kwanta lumui, har fuskar Fa'izu ta fito a ciki, a turɓune.

"Baffa, ta koma firji. Abokaina za su ce na sayar da ita."

"Ce musu aure ka yi. Kuma ji nan: in ka sauka kwalta ka tafi a hankali, kada ka taɓa hon, kada ka ratsa tsakanin saniya da ɗanta."

Kwanakin da suka biyo, Baffa kan ɗaga tabarau ya duba titi ko zai hango jar motar. Da can ba sai ya duba ba. Sai wata la'asar kawai ya ji an ce "salamu alaikum" a ƙeyarsa, har sifana ta kuɓuce masa. Fa'izu ne, baki har kunne, rungume da ƙwarya.

Ko saniya ɗaya ba ta ɗago kai ba, in ji shi. Dattijon na zaune yana tufka igiya, bai ankara ba sai da Radiyya ta durƙusa a gabansa. Ya tashi ya zagaya motar, ya ce a gyara mata wuri a inuwa, sannan ya sa aka cika ƙwarya da kindirmo, a kai wa wanda ya koya mata ladabi.

Mai ba ku wannan labari yana wurin, ludayi a hannu. Ya miƙe ya shaida wa Baffa cewa daga yau sunansa zai shiga takarda, a karanta shi daga Kafin Hausa har Kano, jikokinsa su yi ta taƙama.

Baffa ya leƙa ƙwaryar, ya ga ta yi rabi.

"Ajiye ludayin," ya ce. "Kuma matsa, ka tare min haske."