Turmin da Dada ta kora daga gida

Jiya Hamma Usmanu, babban yayanmu, ya kama ni ina mirgina turmi zuwa maƙwabta.

An sallame shi daga aikin soja saboda ciwon zuciya. Tun da ya dawo gida Bekaji, mahaifiyarmu Dada ta hana daka a gidanmu, har zakara ta aika wa ƙanwarta a Mbamba, wai kada ƙara ta firgita shi.

Ya ce, "Ke Aisha, ina za ki da turmi?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Dada ta ce zuciyarka, Hamma."

Ya ce, "Ni da na sha ƙarar bom, turmi ne zai kashe ni? A daji in wuri ya yi tsit haka, hari ne ke tafe. Shirun nan ne ya hana ni barci. Daka a nan!"

Na zuba gero na hau daka. Dada ta fito a guje da takalmi a hannu, sai ta tarar da shi yana minshari a kan tabarma.

Yanzu kullum bayan azahar sai ta sa ni daka, ko babu abin dakawa. Don Allah, wa ya san maganin ciwon kafaɗa?