Muntasir Ɗan Kurket na Setapak

Muntasir Bello ɗan Tudun Wadar Kaduna ne. Yana aji biyu a sakandare wani malamin wasanni ya damƙa masa jar ƙwallo mai tauri kamar goruba, ya ce ya jefa a gani. Tun daga ranar wasan kurket ya shiga jininsa. A wannan wasa, wani jifa ya iya, wani kuma bugu, da wuya a samu mai haɗa biyun. Muntasir ya haɗa. Idan ya rugo ya saki ƙwallo, mai bugu da ke tsaron sanduna uku da ake kafawa a fili sai ya ja da baya. Idan kuma shi ne riƙe da katakon bugu, sai an je tsinto ƙwallon a ciyawa.

Sai dai a gida babu wanda ya san darajar abin. Yayarsa Aminatu, wadda ta riƙe shi bayan rasuwar iyayensu, ta taɓa zuwa kallo sau ɗaya, ta ce ita dai ta ga mutane cikin fararen kaya suna tsaye a rana. Duk da haka ita ce ta tsaya masa har ya samu gurbin karatun difloma a wata kwaleji mai zaman kanta a Kuala Lumpur. Ya sauka a shekarar 2011. Ita karatu ta tura shi, shi kuwa ya ji labarin cewa a can kurket tana da filaye da kulob-kulob.

Ya kama ɗaki a unguwar Setapak tare da wasu ɗalibai. Bai daɗe ba ya gano wani kulob na Indiyawan unguwar Brickfields, wanda wani dattijo mai gidan abinci, Selvaraju, yake ɗaukar nauyinsa. Ranar gwaji, Selvaraju ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ku 'yan Afirka ba ƙwallon ƙafa kuke yi ba?" Muntasir ya karɓi ƙwallo ya fara jifa. Kafin a tashi, dattijon ya ce da yaren ƙasar, "Boleh," wato ya iya, sannan ya ce, "To, ka zo ranar Asabar."

Shekarun nan na farko su ne masu daɗi. Ba albashi ake ba shi ba, sai kuɗin mota da shinkafa a kan ganyen ayaba bayan wasa, amma sunansa ya zagaya kulob-kulob. Ya ciyo musu wasannin da suka riga suka fid da rai, wani lokacin da jifa, wani lokacin da bugu. Burinsa ɗaya ne, a kira shi ya buga wa Najeriya. Da difloma ta ƙare sai ya sake shiga wani kwas, ba don yana so ba, sai don bizar ɗalibi ce kaɗai ke riƙe da shi a ƙasar.

Ana nan sai tawagar Najeriya ta zo gasa a birnin. Cikin masu horar da ita akwai Malam Alkasim, wanda ya san Muntasir tun yana ɗan makaranta. Muntasir ya same shi a masauki ya durƙusa ya gaishe shi.

"Ina jin labarinka," in ji Malam Alkasim. "Amma labari ba ya sa a ɗauki mutum. Gobe ba mu da wasa, zan zo in gani da idona."

Ya kuwa cika alkawari. Sai dai abokan karawar su Muntasir ba su iso da wuri ba, aka fara bayan azahar. Muntasir ya fara jifa ke nan, jikinsa bai ma gama saki ba, gari ya yi baƙi ƙirin. Ruwan Kuala Lumpur ba ya sallama. Aka ruga aka rufe tsakiyar fili da tamfol, aka fake a rumfa ana jira, har fili ya koma tafki. Malam Alkasim ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Allah bai yi ba, Muntasir. Ka dawo gida lokacin gwaji mu gan ka." Lokacin gwajin ya zo ana tsakiyar zangon karatu, kuma kwalejin ta ce wanda ya yi fashin aji ba za ta sabunta masa biza ba. Bai je ba.

Daga nan ya ƙara matsa wa kansa, yana buga wa kulob ranar Asabar, ranar Lahadi kuma ya bi wasannin ma'aikata 'yan Bangladesh a kan siminti. A ɗaya daga cikin waɗannan ne ya saki ƙwallo ya ji wani abu ya tsinke a kafaɗarsa ta dama. Likita ya ce jijiya ce ta yage, sai an yi aiki, kuma ko an yi, ba lallai ya sake jifa da ƙarfi ba. Ya koma shafa man zafi yana cewa za ta warke.

Ba ta warke ba. Dokar gasarsu ba ta yarda kulob ya sa baƙi da yawa a wasa ɗaya ba, shi kuwa an ba shi gurbin ne don yana aikin mutum biyu. Selvaraju ya zaunar da shi a gidan abincinsa, ya sa aka kawo masa shayi.

"Kai ɗana ne, lah," ya ce, da kalmar da mutanen ƙasar ke ƙarasa magana da ita. "Amma masu bugu ina da su. Na samo wani ɗan Sri Lanka mai jifa." Sannan ya ƙara da cewa, "Ana neman alƙalan wasa. Zan yi maka magana."

Haka Muntasir ya koma tsayawa a bayan sanduna da farar riga da malafa, yana riƙe wa masu jifa hulunansu. Idan aka buga ƙwallo ta tsallake iyaka, alƙali hannu biyu yake ɗagawa sama. Nasa na dama ba ya wuce kunne, don haka sai ya ɗaga na hagu ya faɗi makin da baki. Sababbin 'yan wasa sukan yi dariya, ba su san ya taɓa bugawa ba.

A ƙarshen shekarar 2018 kwalejin ta sanar da shi cewa babu sauran kwas da zai shiga. Aminatu ta kira shi a waya.

"Ka dawo haka nan, Muntasir. Mijina zai sa ka a shagonsa na tayoyi."

"To, Yaya. Bari a gama kakar wasan nan."

"Bara ma haka ka ce."

Bizarsa ta ƙare kafin kakar ta ƙare. Ya daina hawa jirgin ƙasa don gudun masu binciken takardu, daga baya ya daina zuwa filin ma. Waɗanda suka san shi sun ce yana nan Setapak, yana wanke kwanuka a bayan wani shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, da hannun hagu.