Tsinke da Ɗanta Manaja

Tela ne ya fara gaya mini wai ƙiba ma ciwo ce. Telan nan na bakin layinmu mai ɗinka kayan makaranta. Sa shi a farkon rubutunki, kar ki tsallake shi. Na kai masa wandon jikana ya buɗa, ya juya shi ciki waje, ya ce, "Baba, ba sauran abin buɗawa. Yadin da na ɓoye a ɗinki duk yaron nan ya cinye." Na ce madalla, Allah ya ƙara. Ya ajiye almakashi ya dube ni, ya ce, "Ba yabo nake ba fa. Ku kai shi asibiti." Na fito ina cewa a raina zaman ɗinki ya taɓa wa bawan Allah nan kai.

Amma ba labarin tela ba ne, na gwaggonki ne, 'yata, uwar yaron. Ke da girmanta kika san ta. Ni na san ta tun ana ce mata Tsinke. An haife ta shekarar da aka sallame ni daga gadi, gidan ba komai sai tukunya da murfinta. Ta tashi wuya kamar na kwalba. Mata su shigo su dube ta, su ce wa kakarki, "Wai ba kwa ba ta abinci ne?" A gabanta suke faɗa. Mun ɗauka yarinya ce, ba ta ji. Ashe ajiyewa take.

Da ta yi aure ta sami aiki a kamfanin biskit. Tsayuwa take gaban inji, biskit na wucewa, ita kuma tana tsince wanda ya karye. Karyayyen ba a sayar da shi, in an tashi sai a zuba wa kowane ma'aikaci nasa a leda. Ita ko ɗaya ba ta ci, ta ce ƙamshin ya gundure ta. Ɗanta take kawo wa. Tun kafin ya iya cewa Mama ya san ƙarar ledar nan. Ya ci da shayi da safe, ya tafi makaranta da shi a aljihu, ya dawo ya ci shinkafa faranti guda, ta ce, "Ƙara mana, ko ba daɗi?"

Yaro ya yi kumatu, ya yi tumbi, muka sa masa Manaja. In ya shigo sai ubansa ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, a ƙara mana albashi." Mu yi ta dariya. Ita kuwa in ta riƙo hannunsa a layi, tafiyarta ma daban ce. Ba wanda ya taɓa tambayar ta ko tana ba shi abinci.

To, bayan maganar tela na fara lura. In ya hau matakala sai ya zauna yana haki. 'Yan ƙwallo ba sa ɗaukar sa sai dai ya tsare musu takalma. Bayan wuyansa ya yi baƙi, uwar ta dinga dirzawa da soso har yana kuka, tana cewa, "Ƙazami, ɗan wa za a ce kai ne?" Da baƙin ya ƙi fita ne ta yarda muka je asibiti.

Likita ya ce ba dauɗa ba ce, alama ce ciwon suga na tafe in ba a tare shi ba. Shi likitan ma, tumbinsa ya riga shi shigowa ɗakin, amma bar wannan, kar ki rubuta. Ya ce, "Wa ke ba shi abinci?" Ta ce, "Ni," har da ɗaga kai. Ya ce, "To maganin na hannunki. Yaro bai san kasuwa ba, abin da aka ajiye masa yake ci."

Muka kamo hanya har muka kusa gida. Ta ce, "Baba, da aka ce ba a ba ni abinci, laifinku ne. Yanzu na ba nawa, laifina ne. To wanne ne daidai?" Har yau ban sani ba. Na ce ta bi maganar likita, shi ya yi karatu.

Ta bi, iyakar ganewarta. An ce ƙaramin faranti, ta sayo, amma hannunta bai iya zuba kaɗan ba, sai ta tula har ya yi tsini. An ce 'ya'yan itace, ta sayo lemon kwali katan guda don ta ga hoton mangwaro a jiki. Da muka koma likita ya riƙe kai, ya ce wannan ai suga ne da ruwa. Ta ce, "To me ya sa suka zana mangwaro?" Ni ma tambayar da ke bakina ke nan.

Ledar ce ta fi ba ta wuya. Ranar da ta fara dawowa ba leda a hannu, Manaja ya leƙa jakarta, ya leƙa bayanta, ya ce, "Mama, an kore ki ne?" Ubansa ya ce, "Ke dai kin sa a sauke mana Manaja daga muƙami." Ta yi dariya, ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Amma ta daure. Wando ya fara yi masa ɗan sako-sako, wuyan ma kamar ya soma washewa, ko idona ne.

Sai zazzaɓin nan ya kwantar da ita, kin san sauran. Allah ya ji ƙanta.

Yanzu duk wanda ya shigo da abinsa a hannu. Abokan aikinta ma sun haɗa ledojinsu suna aiko masa. In na ce a rage, sai a ce, "Haba Baba, maraya ne, a bar shi ya ci." In na hana, ni ne mugu. In na bari, ban san me zan ce wa uwarsa ba.

Jiya mai gyaran keke ya tare ni. Ashe kafin ta kwanta ta kai masa wani tsohon keke, ta ce likita ya ce yaron ya riƙa motsa jiki. Ya gyara komai, saura sirdi. Ta ce kar ya sa ƙarami, zai ji wa yaron ciwo, ita za ta nemo mai faɗi ta kawo. Keken na nan jingine a shagonsa. Ya ce, "Baba, wa zai kawo sirdin?"