Gaisuwar Kaka da Ɗan Mutumin Cikin Tele

Akwai wani ɗan kiɗa da wasannin kwamfuta na da ke yi idan mutuminka ya mutu. Gajere ne, yana gangarowa kamar mai yi maka dariya. Rannan na ji shi a wayar wani fasinja a tasha, nan take raina ya ɓaci. Kada ka ce mini ai wasa ne, na sani. Ni dai kakana ya tuna mini.

Kawuna ne ya zo da na'urar wasan daga ci-rani a Najeriya, wata shekara da bazara. 'Yar akwati ce ruwan toka, da kaset ɗaya, da abin riƙewa mai igiya da muke ce wa manet. Lokacin unguwarmu a Madarumfa babu kuran, wato wutar lantarki, don haka da batirin mota ake kunna ta, ita da wata ƙaramar tele da kawu ya girke a zaure. Wasan na wani ɗan mutum ne mai tsalle, yana ƙetare ramuka da wuta, ƙasa bayan ƙasa, yana neman gidan wani dodo. Sauran yara sun taɓa sun gaji. Ni kuwa ya shiga raina, har a lekol, cikin aji, ina jin kiɗansa a kunne.

Kawu ya kafa sharaɗi: ran da ruwan shuka ya sauka, na'ura za ta koma adaka, kowa ya nufi gona. Burina ɗaya ne, in kai ga dodon nan kafin hadari ya riga ni. Sai dai na'urar ba ta ajiye inda ka tsaya, maɓallin dakatarwa kuma a mace kawu ya sayo shi. Ka saki manet, ɗan mutumin zai yi sororo har abin da zai kashe shi ya iso. Rayukansa suka ƙare, sai ka koma farko.

Ga shi a gidanmu idan babba ya shigo zaure, yaro zai saki duk abin da ke hannunsa, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ba zai tashi ba sai babban ya gama. Ba a gaida babba da ido ɗaya a wani wuri. Baba ba shi da matsala, ina wuni ɗaya ya wuce. Kaka ne damuwata. Dama abokin hamayyarsa yake kirana, don kakata mace maigidana take ce mini, shi kuma yana cewa na zo ƙwace masa mata.

Wallahi tsohon nan bai taɓa kallon tele ɗin ba, amma kunnensa ya koyi wasan tsaf. Yana zaune ƙarƙashin iccen bedi a ƙofar gida, yana tufkar igiya, yana saurare. Ya gane cewa idan kiɗa ya yi sauri, to ina cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Daidai lokacin zan ji ƙarar sandarsa, sai sallama.

"Ina wuni, abokin hamayya? Ina gajiya? Yaya zahi? Yaya mutanen gidanka?"

Mutanen gidana, ni da ko akuya ban mallaka ba. Ina durƙushe, gumi na ɗiga daga haɓata, ina amsa lahiya lau da haƙora a cije, ɗan kiɗan nan na gangarowa a bayana. Da ya ji shi sai ya ce madalla, ya juya ya fita. Ko cikin gida bai shiga ba.

Na kai ƙara wurin kakata, tana sussukar gero. Ta yi dariya har ta dafa turmi. "Maigida, gaisuwa ce ya hana ka ko abinci?" Iyakar shari'ar ke nan. Wa zan gaya wa cewa gaisuwa ta yi yawa, a garin da ake auna tarbiyyar yaro da tsawonta?

Ranar ƙarshe, tun azahar gabas ta yi baƙi, iska mai ƙamshin ƙasa tana kaɗa asabarin zaure. Kaka ya tafi jana'iza Safo, na ce yau kam Allah ya kashe ya ba ni. Hannuna bai taɓa daɗi irin na ranar ba. Na ƙetare duk inda nake faɗuwa, na shiga gidan dodo da rai ɗaya a hannu. Ga shi nan, ƙato, yana aman wuta, ya fara tangaɗi. Sai na ji amalanken jaki ya tsaya a ƙofar gida.

Kaka ne, kuma bai shigo shi kaɗai ba, da wani amininsa ya zo, tsoho mai nauyin kunne da sai an maimaita masa kowace amsa. Na saki manet, na durƙusa. Suka tambayi lekol, suka tambayi malam, suka tambayi hadari. Kiɗan ya gangaro, ya gama. Kaka ya ɗan saurara, sannan ya ce, "To, yaya jakinka?" Ni da ban taɓa mallakar jaki ba. Kafin in ɗaga kai yayyafi ya fara buga rufi, kawu ya shigo yana zare igiyar batir. Da lokacin girbi ya yi aka buɗe adaka, danshi ya riga ya cinye na'urar. Kuka na yi, na haushi zalla.

Har yau ina wasannin nan a kwamfuta idan na taso aiki a Maraɗi, kuma ɗana ya gaje ni. Kaka ya daɗe da rasuwa. Kwanan baya na laɓe a bakin ɗaki ina saurare, da kiɗan yaron ya yi sauri sai na yi sallama. Ya danna wani maɓalli, komai ya tsaya cak, ya durƙusa ya gaishe ni a tsanake, ko gumi babu. Na ja gaisuwar iya iyawata, bai rasa komai ba. Haushi ya ishe ni, na rasa abin tambaya, sai na ji bakina ya ce, "To, yaya jakinka?"

Ya ɗago kai. "Baba, wane jaki?"