Ranar da Aka Riƙe Rigar Yayana a Shinkafi

Yayana ɗan wasan kwaikwayo ne. A Ƙauran Namoda muka tashi, bayan tashar jirgin ƙasa, kuma tun muna yara babu muryar da ba ya iya ɗauka. Zai tsaya a zaure ya yi sallama da muryar limamin unguwa, Inna ta yi wuf ta ja mayafi, sai ga shi ya shigo yana dariya. Inna Bafulatana ce daga Gurbin Bore, don haka ya tashi da Fulatanci a bakinsa kamar Hausa. Ni kuwa gaisuwa kawai na iya.

A makaranta ya fara wasan kwaikwayo. Daga baya ya shiga wata ƙungiya mai yawo ƙauyuka da wasan faɗakarwa kan rigakafi. Na taɓa bin su Zurmi, na ga ya hau bayan babbar mota a matsayin tsohuwa mai rigima, mata na dariya har da riƙe ciki, ba wadda ta gane namiji ne. Daga nan sai talabijin a Gusau, sai fim a Kano. Ya fito a alƙali, ya fito a mahauci, ya fito a malamin makaranta mai in'ina. Da ya fito a uban da 'yarsa ta rasu, maƙwabciyarmu har gida ta zo yi wa Inna gaisuwar jika.

Lokacin da 'yan bindiga suka addabi yankinmu, aka kira shi wani fim a kan abin. Shugaban 'yan daji aka ba shi, saboda ya iya karin harshen Fulani. Inna ba ta so ba.

"Dangina za ka sa wa wagga riga?" ta ce masa.

"Inna, a ƙarshen fim ɗin mutumin kuka yake yi, yana neman gafara. So nake a ga yadda yaro makiyayi ke lalacewa ya koma haka."

Ta ci gaba da tsince wakenta.

Ya yi wasan da kyau, kuma kyan ne ya cuce shi. Wani ya yanko wurin da yake zaune da bindiga a cinya yana yi wa waɗanda aka sace barazana, ya watsa a waya babu sauran fim ɗin. A cikin gari an san shi. A ƙauyuka da dama kuwa gaske aka ɗauka.

Wata ranar kasuwa na raka shi Shinkafi zai saya mini ragon layya. Muna cikin kara, wurin sayar da dabbobi, da tsakar rana, sai wata dattijuwa ta cakumi rigarsa ta baya.

"Kai na! Na gane ka. Ina ɗana? Ina kunka kai min shi?"

Nan take mutane suka kewaye mu. Na shiga ihu ina cewa fim ne, ɗan wasa ne. Allah ya sa wani mai sayar da igiya ya san shi, ya shiga tsakani yana ba jama'a haƙuri. Ita matar ba ta jin kowa. Cewa take daga gona aka ɗauke yaron tun damina, har yau babu labari.

Yaya bai ce mata ba shi ba ne. Durƙusawa ya yi a gabanta, cikin ƙasa da kashin awaki, ya ce, "Inna, wallahi ban san inda yake ba. Da na sani da na kai ki yanzun nan."

Ta daɗe tana kallonsa. Sai ta saki rigar, ta zauna daɓas, ta fashe da kuka. Shi ma kukan yake yi. Ba mu sayi ragon ba, muka koma Ƙaura.

Daga Kano aka yi ta kiransa, amma duk mai kira so yake ya sake fitowa a ɗan bindiga. Ya ƙi. Ya koma noma gonar mahaifinmu a Banga, har hanyar ta gagari biyuwa, gonar ta koma daji. Shugaban wata firamare ya roƙe shi ya koya wa ɗalibai wasa. Ya je, ya zauna yana kallonsu, ya dawo.

"Yaya, mi ya faru?" na tambaye shi.

"Ba ni iya aron fuskar kowa yanzu, ƙanwata. Tsoro nake ji."

Abin da bai daina ba shi ne komawa Shinkafi ranar kasuwa, duk da hatsarin hanyar. Yakan zaga kara yana tambayar labarin matar, yana so ya ji ko ɗanta ya dawo. Ba wanda ya san ƙauyenta. Bai same ta ba.

Hawan jini ya kwantar da shi a daminar bara, bai tashi ba. Abokan sana'arsa na Kano waya suka yi, ba su iya zuwa ba saboda hanya. Maƙwabta ne suka kai shi makwancinsa ana yayyafi. Yanzu Inna tana wurina a Gusau, ganinta ya yi rauni, ba ta cika magana ba. Matarsa da 'ya'yansa suna nan Ƙaura, a ɗakin da ya bari.