Faifan da Na Bari a Rana

Sana'ata gwangwan. Na daɗe ina tura kura a Abuja ina bin rusau. Inda katafila ta wuce da safe, mu muke shiga da hantsi. Rodi, kwano, waya, tsohuwar tukunya. Abin da ba ya hawa sikeli ba namu ba ne.

Doka ɗaya ce a fantekarmu, oga ya kafa ta tun kafin in zo: kada ka faɗi inda ka samo kaya. Ranar da ka ce daga gidan wane ne, ka zama ɓarawo. Na ga an fasa wa mutum kai a kan murfin tukunya. Ni ma akwai tabo a ƙeyata.

Wata shekara aka rushe wata tsohuwar unguwar Gwarawa a bayan Jabi. Ƙarƙashin wani gadon ƙarfe na tsinci faifan garmaho, baƙi, cikin kwalinsa. A jikin kwalin Turawa huɗu ne masu gashi har kafaɗa, ɗaya ya rungume jita. Ban yi karatu ba, ban san me aka rubuta ba. Na dai ɗora shi saman kaya, ya wuni a rana. Da yamma na zaro shi ya lanƙwashe kamar gurasa. Na cusa shi ƙarƙashin tabarmata a rumfa.

Bayan kwana uku, da azahar, sai ga wani tsoho a fanteka. Gajere, da tsohuwar kwat, ba takalmi, jar ƙasa har idon sawu. Ya wuce kowa ya tsaya a gabana.

"Ɗana, faifai na. Ka gan ta?" Irin Hausarsu.

"Baba, nan ƙarfe muke saye."

"Baƙi ne. Tana ƙarƙashin gado."

"Ban gani ba."

Bai yi musu ba. Ya tsaya gefen sikeli ya fara kiɗa da hanci. Muryar ta hau, ta yi ƙasa kamar za ta faɗi, sai ya yi ƙit da harshe ya koma farko. Sau uku. Ya juya ya tafi.

Washegari ya dawo. Kullum da azahar, tambaya ɗaya, kiɗa ɗaya. Abokan aiki suka samu abin tsokana.

"Tashi, surukinka ya zo biko."

Ina dariya tare da su, amma abinci ya daina shiga.

Ranar Juma'a na naɗe faifan a buhu na kai wa wani mai gyaran rediyo a Utako. Yana da tsohon injin da ke juya irinsa.

"Malam, wa ya gasa wannan?"

"Rana."

"Kiɗan Turawan da ne, bulus da rok. Masu nemansa su ga haka sai sun yi maka Allah ya isa."

Ya ɗora tsohon kwabo a kan allurar don kada ta tashi, ya kunna. Ƙara ta fara fitowa kamar ana suya. Ganga ta shigo da nauyi, wani abu na gurnani a ƙarƙashinta, mawaƙin muryarsa a shaƙe. Sai jita ta hau. Da allura ta kai kan lanƙwasar, jitar ta yi ƙasa kamar za ta faɗi. Ƙit. Ta koma farko.

Kiɗan da tsohon ke yi da hanci ne, sak.

"Da ma haka yake yi?"

"Ina. Lafiyayyen faifai miƙe yake tafiya. Wannan aikin ranarka ne."

Tun da ya lanƙwashe, ba wanda ya taɓa kunna shi sai yau.

Ba zan miƙa wa tsohon faifansa a gaban oga ba. Washegari na koma wurin rusau, masu sayar da doya suka ce mutanen gidan sun koma wani ƙauye gaba da Gwagwalada. Na shiga mota. Duk hanya ina shafa ƙeyata.

Da azahar na isa. 'Yarsa na tarar a ƙofa tana ɓare gyaɗa, maza uku na zaune a inuwa. Na buɗe buhun.

"Na Baba ne. Ni na ɗauka. Kullum yana zuwa nema, ina ce masa ban gani ba."

Mazan suka miƙe. Ɗaya ya jawo icce daga murhu. 'Yar kuwa ta dube ni ta ce:

"Zuwa ina? Baba tun ranar rusau bai taka ƙasa ba. Ɗauko shi aka yi."

Daga ɗaki murya ta fito: "Ku bar shi ya shigo."

Yana kwance a tabarma, ya rame, kwat ɗin na rataye a ƙusa. Ban kalli ƙafarsa ba. Da gangan na ƙi. Na ɗora masa faifan a ƙirji. Ya bi gefensa da yatsa har ya kai kan lanƙwasar, ya tsaya.

"Ka bar ta a rana."

"Na bari, Baba."

"To."

Ya rufe ido, hannunsa a kai. Ba wanda ya taɓa ni da na fito.

Da na koma fanteka ana rufe sikeli. Wani ya ɗago kai.

"Yau surukinka bai zo ba."

Bai sake zuwa ba. Har yanzu ina bin rusau, amma ba na leƙa ƙarƙashin gado.