Katangar da Ta Turo Ciki

Tun ina firamare nake sa tabarau mai kauri. In na cire shi, ko matata sai ta matso dab da hancina nake gane ta. Haka na rayu lafiya lau har shekarar da na sa aka zagaye gidana na unguwar Ali Kazaure da katanga.

Maginin wani dattijo ne mai haƙuri, mutumin unguwar Kabong. Ranar da ya gama na tsaya na duba, sai na ga katangar ta turo ciki kamar mai juna biyu.

Na ce, "Baba, aikin nan bai yi ba. A rushe."

Ya ɗaura dutse a igiya ya sako daga sama. "Oga, duba da kyau. Katanga ya miƙe."

"To ai igiyar taka ma a karkace take."

 Sai ya sauke layi huɗu na bulo ya sake jerawa. Cikin ya dawo, kuma duk inda na kalla, can yake komawa.

Ranar Juma'a na shiga gyara sahu a masallaci, ina tura wannan gaba ina jan wancan baya, har wani ya ce ko dai zazzaɓi nake yi. Da labari ya iso gida, matata ta ce gobe sai asibiti.

Likitar ido ta sa na ɗora haɓa a kan wata na'ura, ta nuna mini hoton bayan idona na dama. Ta ce idon masu irin tabarauna yakan yi tsawo kamar ƙwai, har fatar ciki mai ɗaukar gani ta ja ta rabu gida biyu, kamar kwalin da ya sha ruwa.

Na ce, "Sai tiyata ke nan?"

"Ba yanzu ba, Malam. Sau da yawa yakan tsaya yadda yake shekara da shekaru. Wani ya ƙaru, sai mu yi aiki. Wani ma ya lafa da kansa."

"To wane magani zan sha?"

"Babu. Zuba masa ido za mu yi."

"Likita, da wane idon?"

Daga asibiti na zarce Kabong don in ba magini haƙuri. Ya ce, "Oga, tunda ka zagi igiya na san ba ni ne da laifi ba."

A gida kuwa ba wanda ya yarda akwai ciwon da maganinsa kallo. Yayata ta zo da kwalli na musamman. Matata ta ɗora ni a kan karas safe da yamma. Wani maƙwabci ya hana ni kallon duwatsu, wai nauyinsu ke jan ido, a garin da ko ina ka juya dutse ne.

Duk wata shida ina komawa, hoto na fitowa iri ɗaya. A shekara ta huɗu sai likita ta ce ratar da ke fatar idon ta ragu. Ranar yayata da matata suka kusa daina gaisawa a kan ko kwalli ne ko karas. Ni kuwa likita na koma yi wa godiya.

Ta ce, "Malam, wallahi ban yi komai ba."

Na ce ita kaɗai ce ta faɗi haka. Ta yi dariya, ta rubuta mini ranar dawowa.